Tambaya da Amsa: Yawon keke a tsofaffin hanyoyin kuza na Jos, da maganar wanka a dam

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu 'yan wata ƙungiyar masu tuƙa keke ne a Kano. Bara mota ta buge ɗaya daga cikinmu a kan kwalta, Allah ya yi da sauran kwana, amma har yau yana ɗingishi. Tun daga nan gabana ke faɗuwa duk ranar da muka fita. An ce mana a Filato akwai tsofaffin hanyoyin 'yan kuza da mota ba ta bi. Muna so mu je a watan Disamba mu yi kwana huɗu muna zagayawa, in rana ta yi mu faɗa dam mu huce, don yawancinmu mun iya iyo. Ni ne babba a cikinsu, a hannuna iyaye za su nemi 'ya'yansu. Hanyoyin nan da gaske akwai su? Kekunanmu na kwalta za su iya? Sannan wani ya tsorata mu cewa dam ɗin suna da 'yan ruwa masu janye baƙo, har ya ce zai haɗa mu da mai ba da laya. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ɗan'uwanku lafiya. Hanyoyin akwai su, kuma suna da daɗin bi. Tun farkon ƙarni na 20 da Turawa suka kafa sansani a Naraguta, kamfanonin kuza suka yi ta yanka hanyoyin burji tsakanin ramuka da barikokin lebura, har farashin kuza ya faɗi warwas a 1985 harkar ta mutu. Abin da suka bari shi muke bi yau: tsakanin Rayfield da Du da Zawan har Bukuru, ko daga Lamingo ka nufi gindin tsaunukan Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800. Sai dai kada ka ɗauka wata hukuma ce ta keɓe su don keke. Babu allo, babu shinge. Mota ba ta cika bi ba, amma za ka yi karo da 'yan acaɓa ɗauke da buhunan kayan lambu, da tifa mai ɗibar yashi wadda ba ta tsammanin ganin kowa a kwana.

Siririyar tayar kwalta ba za ta kai ku ko'ina ba, tsakuwa za ta yi ta fasa ta. Ku nemi mai faɗin milimita 38 zuwa sama, ku rage iska kaɗan, ku sa sabuwar robar birki kafin ku baro gida, don ƙurar marmara tana cinye ta da sauri. Kano ba ta kai mita 500 daga matakin teku ba, Jos kuwa tana wajen mita 1,200, ga hawa da gangara ba hutawa. Wanda yake yin kilomita 80 a hanyar Wudil ya tsara 40 a nan, zai gode mini. Disamba lokaci ne mai kyau, ƙasa ta bushe, ba tsawa, amma sanyin asuba a Filato ba wasa ba ne, ku zo da rigunan sanyi. Kada ku kwana a daji. Ku kama masauki a cikin gari, ku fita da safe ku dawo kafin la'asar sakaliya, tare da ɗan ƙasa wanda ya san ƙauyukan. Ɓangaren Riyom da Barkin Ladi da Bokkos kuwa, kada ku nufe su sai kun tambayi halin tsaro a ranar, ba labarin makon jiya ba. Inda kuka shiga gari ku tsaya ku gai da mai unguwa, ku faɗi ko ku su wane ne. Samari baƙi da jakunkuna a baya suna ratsa gonaki ba sallama, wannan kaɗai ya isa ya tayar da hankalin mutanen da suka sha wuya.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta maka doguwar amsa. Maganar faɗawa dam, wato tsofaffin ramukan kuza da suka cika da ruwa. Ka cire ta daga tsarinku gaba ɗaya, kuma ka faɗa wa yaranka tun a Kano, kada ka bari sai sun ga ruwan ya yi shuɗi yana sheƙi.

Kullum sai na ji wannan magana ta "ai na iya iyo", kuma ita ce take kai samari kabari. Wanda bai iya ba yana tsayawa a baki. Gwanin ne yake cire riga. Ya koyi iyonsa a kogi ko a tafkin da ake tono ƙasar gini, inda ake shiga ruwa a idon sawu, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, in ka gaji ka taka ƙasa. Kududdufin kuza ba haka yake ba. Injuna ne suka yanke ƙasa a tsaye don su kai ga tsakuwar da kuza take kwance a cikinta, da aka daina zuƙe ruwa sai ramin ya cika. Rijiya ce mai faɗin baki. Taku biyu daga gaɓa ka rasa ƙasa, kuma akwai waɗanda zurfinsu ya wuce mita 20. Bangon yumɓu ne mai santsi, in ka kama ya gutsure a hannunka, wani wurin ma ruwa ya riga ya rarake ƙarƙashinsa, gaɓar da kake tsaye a kai tana iya zaftarewa da kai. Inda ka ga kamar akwai tudu a cikin ruwan, sau da yawa taɓon wankin kuza ne da ya kwanta shekara da shekaru, ƙafa ta shiga ba ta fitowa da sauƙi. Ban da tsofaffin ƙarafa da bututu da aka watsar a ciki.

Sannan ka dubi halin da mai keke yake ciki lokacin da sha'awar wankan take kama shi. Ya yi awa uku yana hawa, cinyoyi sun gaji, gumi ya tafi da ruwan jiki da gishirinsa. Ya taɓa saman ruwan ya ji ɗumi, domin rana ta dake shi. Ƙasa kaɗan da wannan, ruwan yana da sanyi sosai, balle a hunturu, kuma ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. Mutum ya yi tsalle da jiki mai zafi, numfashinsa ya sarƙe, ya shaƙi ruwa tun a karon farko. Ko ya yi nisa zuwa tsakiya jijiyar ƙafa ta ɗaure, hannuwa su yi nauyi, ya juyo ya ga gaɓar ta yi masa nisa, in ya iso kuma babu wurin dafawa. Kuma ba ya ihu. Mai nutsewa ba shi da iskar da zai yi kururuwa da ita, baki yana fitowa yana komawa, abokansa suna gefe suna ɗaukar hoto suna zaton wasa yake.

Wannan shi ne 'yan ruwan da aka ba ku labari. An ce baƙo suke ja, kuma haka ne baƙi sun fi faɗawa, saboda ɗan gari ya san wane dam ne ya ci wane, uwarsa ta hana shi tun yana ƙarami. Abin da yake ɓata mini rai da wannan jita-jita, tana kawar da ido daga ainihin dalili. Yaro ya halaka, a ce mutanen ruwa ne suka karɓi nasu na bana, a yi shiru, babu mai tambayar me ya sa ramin yake buɗe a bayan gidajen mutane. Mai layar nan kuma ya fi kowa laifi a wurina. Yaron da tsoro zai hana shi shiga, shi ne za a ɗaura wa ƙulli a damtse a ce ruwa ba ya cinsa. Ya karɓi kuɗinku ya zauna a inuwa, ba zai bi ku bakin dam ba, ba kuma zai zo gaisuwa ba. Ku Musulmi ne, kun san Allah ya hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Kada wani ya zo bayan an yi asara ya ce maka ƙaddara ce kawai, alhali an gaya masa.

Hukuma ma ba ta fita daga laifi ba. Tun dokar ma'adinai ta 1946 aka wajabta gyara ƙasar da aka haƙa, itatuwan turaren da za ku gani jere a wasu wurare ragowar wannan yunƙuri ne. Ɗan kaɗan aka gyara, sauran aka bari. Yau jiha ta ce ma'adinai na tarayya ne, tarayya ta ce kamfanonin sun tafi, a kafa kwamiti a rubuta rahoto. Allon gargaɗi da waya mai ƙaya nawa za su ci?

Ko wanke ƙafa a gefe ban so ku saba ba, don ruwan da yake kwance irin wannan yana ɗauke da tsargiya. Ku ɗauki ruwan sha daga gari, wanda zafi ya dame shi ya zuba a ka ya zauna a inuwa. Haka nan kada kowa ya bar hanya ya ratsa ciyawa don yanke. Masu haƙar hannu suna tona ramukan loto, bakinsu bai fi mita ɗaya ba amma suna da zurfi ƙwarai, in sun tashi ba sa rufewa, ciyawa ta lulluɓe. Inda sawun babur ya bi, nan za ku bi.

In kuma Allah ya kawo tsautsayi, naku ko na wani yaro da kuka tarar, kada kowa ya yi tsalle ya bi shi. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, zai danne mai cetonsa su tafi tare, shi ya sa ake fitar da gawa biyu a rami ɗaya. Ku riƙe igiya mai tsawon mita 15 ko 20 a jakar ɗaya daga cikinku. A ɗaura mata jarkar da ba komai a ciki an rufe bakinta, irin ta masu lambu, a jefa masa, mai ja ya kwanta rubda-ciki nesa da bakin gaɓa. In an fito da shi ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci ana danna masa ciki ko ana juya shi kai ƙasa wai ruwa ya fita. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska a baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba da haka har ya motsa ko a kai ga ma'aikacin lafiya. Ku nemi wanda zai koya muku wannan a aikace kafin tafiyar. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a cire masa jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi a kai shi asibiti, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yana nan Lamingo, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya dagula numfashi bayan wasu awanni.