Corolla ta hannu ko EOD 'yar Beljiyam? Ga abin da na gani a harkar

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce wannan ce motarka ta farko, kuɗin da ka tara zai iya saya maka ɗaya cikin biyu: Corolla 2006 da aka hau a nan Kano, ko Honda EOD, wato Accord ƙirar 2003 zuwa 2005, da dillali ya ce maka 'yar Beljiyam ce, wato an hau ta a ƙasar waje aka shigo da ita, ba a taɓa yi mata lamba a nan ba. Kuma kana so da zarar ta zo hannunka ka sa mata rim mai inci 18, ka sauke ta ƙasa, ka yi mata tinti, ka canja salansa ta riƙa ƙara. Allah ya sanya alheri, ya sa a hau lafiya.

Na ga wasu sun ce maka Corolla kawai, wasu sun ce Honda ta fi daɗin tuƙi. Duk sun faɗi gaskiya, amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda ka ce kuɗin "zai iya saya" maka ita. Idan kuɗin da ke hannunka daidai yake da kuɗin motar, to ba ka kai ga sayenta ba tukuna. Mota mai shekara kusan ashirin, ko daga ina ta fito, sai ta ci kuɗi a watanninta na farko. Ni shawarar da nake ba duk wanda na raka ita ce ya ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa ya ajiye, ya nemi mota da sauran. Kuma wannan ajiyar ba ta rim ba ce.

Bari in fara da EOD ɗin, don ita ce na ga zuciyarka ta fi karkata gare ta. Tambayar farko: silinda huɗu ce ko V6, wato mai silinda shida? Idan V6 ce ta 2003 ko 2004 mai giyar otomatik, ka yi hattara da giyarta, domin kamfanin Honda da kansa ya kira waɗannan motoci a dawo da su don gyara a Amurka a 2004 saboda matsalar zafi a cikin giya. Kuma V6 ɗin bel take amfani da shi a wajen taimin, wanda in ya tsinke yana iya lalata injin, ga shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 na ga mutane da yawa sun ajiye V6 a gida sun koma hawan Adaidaita Sahu. Mai silinda huɗu, 2.4, sarƙa ce da ita, injin ne mai juriya ƙwarai. Inda take ba mutane kunya a titunanmu shi ne ƙafa. Duk wanda ya daɗe yana bin titin Zariya ko Hotoro ya taɓa ganin Honda ta durƙusa a tsakiyar hanya taya ɗaya ta karkace waje. Boljoyin ne na ƙasa. Ba wai haka kawai yake cirewa ba, yana daɗewa yana ƙara yana ba da alama, mai motar ne bai kula ba, ko kuma an sa masa na jabu mai araha. In ka sayi EOD, ka ɗauka cewa duba ƙafa ya zama maka wajibi lokaci bayan lokaci.

Corolla kuwa ba ta da wani abin burgewa a ciki, kuma ba ta da faɗin Honda, amma injinta 1.8 ne mai sarƙa, ba ta shan mai sosai, babu bakaniken da bai san ta ba, kuma duk abin da ka nema nata za ka samu a kasuwar Ƙofar Ruwa kafin ka gama zagaya layi ɗaya. Ranar da ka matsu ka ce za ka sayar, kafin la'asar an taya. Ga mai motar farko da ba shi da rarar kuɗi, ni Corolla zan zaɓa masa. Amma da sharaɗi, domin Corolla da aka wahalar ta fi lafiyayyar Honda cin kuɗi nesa ba kusa ba. Ba sunan mota ake saya ba, wannan ɗin da ke tsaye a gabanka ita za ka duba.

Maganar "Beljiyam" kuma, kada ta ruɗe ka. Yawancin EOD da Corolla da muke gani daga Amurka suke fitowa, kuma da yawansu daga wuraren gwanjon motocin inshora ake sayo su, irin su Copart da IAA, inda ake sayar da waɗanda suka yi hatsari ko ruwa ya ci. A kawo su, fanabita ya buga, mai fenti ya fesa, a wanke, a shafa wa tayoyi mai, a jera a bakin titi. Wasu kuma an hau su shekara biyu a Legas ko Fatakwal, a cire lamba, a kankare sitika a gilashi, a ce maka yanzu ta sauka. Don haka ka nemi lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17. Tana nan a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana jikin ginshiƙin ƙofar direba, tana cikin takardu. Dole su zo ɗaya a duk wuraren. Ka rubuta ta a Google kawai, sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo za su fito maka, ka gan ta yadda take kafin a gyara. In kana da hali ka biya a ciro maka rahoton Carfax, zai nuna maka mil nawa ta yi a can, sai ka gwada da abin da ke kan dashbod, domin mayar da mita baya ba wani aiki ba ne a yanzu. Dillalin da ya hana ka ɗaukar lambar shasi ya riga ya ba ka amsa.

Ka je duba mota da sassafe, kafin a tayar da ita. Ka ɗora hannu a kan injin, in ka ji ɗumi an riga ka, ka ce gobe za ka dawo. Injin da ya kwana shi ne yake faɗin gaskiya: ƙarar sarƙa, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, rawar jiki, duk a minti na farko suke fitowa. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kalli dashbod. Fitilar injin, ta ABS da ta jakar iska dole su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, cire ƙwanta aka yi ko aka liƙe ta. Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba bayansa, in ka ga abu kamar madarar da aka dama da shayi, ruwa na haɗuwa da mai, gaskit ya tafi. Ka zaro sandar man giya ka shinshina, in yana warin ƙuna kuma ya yi baƙi, ka san inda aka nufa.

Ka tafi da bakanikenka, wanda kai ka ɗauko shi kuma kai za ka sallame shi, ba wanda dillali zai ce "ga wani nan kusa" ba. Ka haɗa da mai na'urar kwamfuta ya jona ya karanta. Nan ma akwai dabara: ana goge matsalolin kafin ka iso, na'ura ta nuna babu komai. Ka ce masa ya duba ko gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta sun kammala. In ya ga yawancinsu ba su kammala ba, kwanan nan aka goge ko aka cire batir.

Abin da na fi dagewa a kai, wanda kuma mutane suka fi yin kasala a kansa, shi ne a kai mota kan rami ko a ɗaga ta. Injin ana canjawa, giya ana canjawa, Ƙofar Ruwa cike take da su. Amma motar da shasinta ya lanƙwashe aka ja da sarƙa aka yi walda, har ta mutu ba za ta miƙe a hanya ba. Za ta riƙa cin taya ta gefe ɗaya, ka yi alaimen yau, sati biyu ta koma, kuma ranar da Allah ya kawo tsautsayi ƙarfen da aka taɓa gasawa ba zai kare ka ba. Ka duba ƙarafunan gaba biyu da ke riƙe da injin, ka ɗaga kafet ɗin but ka cire safaya ka duba ƙasan. Waldar kamfani ɗige-ɗige ce a jere, tsaf, waldar gareji kuwa ko yaro ya gan ta ya gane. Ka bi jikin motar da ɗan maganaɗisu a cikin ƙyalle, inda ya ƙi kamawa an cika wajen da foti. Ka kalli tazarar da ke tsakanin bonet da gefuna, hagu da dama, ko sun yi daidai. Motocin da suka zauna a jihohin Amurka masu ƙanƙara kuma, gishirin da ake zubawa a titi yana cinye musu ƙasa, sama tana ƙyalli, ƙasa tana zubar da tsatsa.

Motar da ruwa ya ci ita ce mafi sharri. Wani maƙwabcina ya sayi mota mai kyau kamar a lashe, wata uku lafiya lau, sai gilashi ya fara sauka da kansa, yau fitila, gobe mota ta ƙi tashi, rewaya ya bi waya har ya gaji. Da aka ɗaga kafet sai ga busasshen taɓo a ƙarƙashin kujeru. Tun daga nan duk motar da na je dubawa sai na ja bel ɗin kujera har ƙarshe na ga ko akwai shatar ruwa, na leƙa ƙarafunan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa. In ka shiga mota ka ji an cika ta da turare fiye da kima, ka tambayi kanka me ake rufewa.

Gwajin tuƙi kada ya tsaya a zagaya layi. Ka hau Eastern Bypass ka taka ta, ka ji yadda giya ke shiga, ko tana fizga, ko sitiyari na rawa, ka taka burki ka ga ko tana ja gefe. Sannan ka shigo da ita cikin cunkoso, wajen Kantin Kwari ko Bata da rana tsaka, esi a kunne, idonka a kan allurar zafi. Motar da ta jure wannan a watan Afrilu ta ci jarrabawar Kano.

Takardu kuwa, ka tuna a Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, don haka duk wanda ya ce maka 'yar Kwatano ce sai ka ƙara buɗe ido a kan diyuti. Ka ɗauki takardun ka je ofishin kwastam da ke Bompai a tabbatar maka, kafin ka biya, ba bayan ka biya ba. In ta hannu ce, ka ga mai ita ido da ido, sunan da ke takarda ya dace da katin shaidarsa, a rubuta yarjejeniya da shaidu, ka biya ta banki, a yi canjin mallaka nan da nan. La'adar dillali a yanke ta tun kafin a fara ciniki.

To, sai kwalliya. Ni ma ina son mota ta yi kyau, ba zan ce maka kada ka taɓa ta ba. Amma gyaran farko da za ka yi wa kowace ka saya shi ne ka mayar da ita yadda kamfani ya ƙera ta, domin in ta zauna a hannun mutanenmu akwai abubuwan da kusan tabbas an taɓa. An cire tamostat, abin da ke daidaita zafin injin, an ce wai na ƙasar sanyi ne, an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga tayarwa, an cika lagireto da ruwan rijiya. Sakamakon shi ne injin ba ya kai zafin da aka tsara masa, kwamfutar motar ta riƙa ƙara masa mai, lagireto kuma ya toshe da tsatsa. Ka mayar da tamostat, a gyara fanka ta riƙa tashi da kanta, a zuba ruwan sanyaya injin na gaskiya. Ka leƙa katalis, matatar hayaƙin nan da ke jikin bututun salansa, ko yana nan, don ana fasa shi a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, har da motocin da ake cewa Beljiyam. Baƙin mai ka bi abin da ke rubuce a murfi ko littafin motar, Corolla ɗin 5W-30 ne, ba mai kaurin nan 20W-50 da ake ɗura wa kowace mota ba. Man giya kowace da nata, Toyota T-IV, Honda DW-1, kada a haɗa maka da wanda ake aunawa a galan. Matatar iska kuma a lokacin hunturu ka riƙa duba ta akai-akai, ƙurar Kano ba ta da sabo. Tayoyi ka karanta lambobi huɗun da ke gefe, biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. Taya mai zane mai kyau amma ta tsufa ita ce take fashewa a hanyar Kaduna da zafin rana.

Rim 18 a kan Corolla da ta zo da 15, ban goyi baya ba. In rim ya girma dole naman taya ya ragu, to duk ramin da ka faɗa babu abin da zai shanye dukan sai rim da shokozoba da boljoyin. A kan EOD da ƙafarta ke da lalura tun asali, wannan neman magana ne. Ka tsaya a 16, in ka matsa 17 a kan Honda, kuma a zaɓi taya yadda tsayin ƙafar gaba ɗaya zai kasance kusa da na asali, don kada mitar gudu ta riƙa yi maka ƙarya. Sauke mota ta hanyar yanke sifirin kuwa kada ka yarda ko kyauta ne. Ka tuna tudun rage gudu da ke cikin unguwanninmu, kowa ya gina nasa yadda ya ga dama, ka tuna yadda ruwa ke kwanciya a tituna a watan Agusta. Kaskon baƙin mai ne zai fara bugawa.

Tinti yana da amfani a zafin nan, amma ka nemi izinin 'yan sanda tukuna, kuma kada ka yi mai duhun da da daddare sai ka sauke gilashi kafin ka ga mai babur. Fitila mai farin haske da ake cusawa a gidan fitilar da ba nata ba tana kashe wa na gabanka ido ne kawai, gara ka wanke gilashin fitilar a saita ta. Rediyo mai allo da kyamarar baya, wannan ka sa, amma a wajen rewaya mai amfani da soket, ba mai yanke waya ya naɗe da leda ba, don irin wannan haɗin yana iya tayar da gobara a mota. Salansa mai ƙara kuma ba ta ƙara wa 1.8 gudu, kuma akwai maƙwabta, akwai masu jinya, akwai fitar asuba.

Ka turo mana lambar shasin EOD ɗin, ka faɗa mana silinda nawa ce, sannan ka ɗauko hoton ƙarƙashin kowacce da na dashbod lokacin da aka murɗa makulli ba a tayar ba. In mun gani za mu fi sanin wadda ta cancanci ka kai bakanike ya ɓata yininsa a kanta.