Tambayoyinku kan taya: juyi, kumburi da tsohuwar taya mai fuskar sabuwa

Wani ɗan'uwa ya rubuto yana cewa: "Malam, mai faci ya ce in riƙa juya tayoyina, na gaba su koma baya. Gaskiya ne ko kuɗina kawai yake so?"

Gaskiya ya faɗa maka ɗan'uwa. Yawancin ƙananan motoci tayoyin gaba ne ke jan motar, su sitiyari ke juyawa, su ke ɗauke da nauyin inji, kuma birki ya fi cin su, toh dole su riga na baya suɗewa. Ka riƙa juyawa duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000. Idan motarka mai jan gaba ce, na gaba su sauka baya a gefensu, na baya su hau gaba a gicciye, ta dama ta koma hagu ta hagu ta koma dama. Amma ka duba jikin tayar tukuna, in ka ga alamar kibiya to hanya ɗaya aka yi ta ta riƙa juyawa, ita gaba da baya kawai ake yi mata a gefe guda. Kuma tunda an kwance su sai ka kalli yadda suka ci: in gefe biyu sun cinye amma tsakiya na nan, iska ce ke yi mata kaɗan, tsakiya ta cinye iska ta yi yawa, gefe ɗaya kawai kuma alaimen, wato saitin ƙafafun motar, shi ne ya tafi, juyi ba zai gyara wannan ba.

Wani kuma ya ce tayarsa ta yi kumburi a gefe kamar ƙwai, wai ko ya rage mata iska ya ci gaba da hawa tunda ba ta sacewa.

Haba Malam! Wannan har tambaya ce? Kumburin nan zaren da ke riƙe da jikin tayar ne ya tsinke daga ciki, yawanci bayan an faɗa rami ko an daki gefen titi, roba kawai ta rage tana riƙe iskar. Ba a facinsa, ba a ɗinke shi, rage iska kuma ƙara mata zafi zai yi. Cire ta yau ɗin nan. Faci a kan zanen da ke taɓa ƙasa ake yi, shi ma in hujin bai wuce milimita 6 ba.

Sai wata baiwar Allah da wasiƙarta ta taɓa ni. Ta ce ita ke kai yaranta makaranta kullum, an ce mata tayoyin duk sun gaji, kuɗin biyu kawai take da shi, kuma tun da ta ji haka ba ta iya barci.

Hajiya ki kwantar da hankalinki, tambayar da kika yi ita ce daidai, da yawa ba sa ma yi. Da farko ki sa a nuna miki da idonki. A cikin ramukan zanen taya akwai wasu ƴan tudu ƙanana, tsayinsu milimita 1.6, idan zanen ya suɗe har ya yi daidai da su to wannan tayar ta gama aiki. Wadda ba ta kai nan ba, ba tsagewa ba kumburi, za ta ɗan ƙara kai ki. Biyun da za ki saya kuma a sa su a baya, na san za a ce miki gaba, kusan kowa haka yake cewa, amma kamfanonin da ke ƙera taya irin su Michelin baya suke cewa, saboda in gaba ta yi santsi a ruwa kina ji a sitiyari kina iya gyarawa, in baya ce ta kwace motar juyawa take yi gaba ɗaya. Ki tabbata girman ya zama ɗaya da wanda ke rubuce a takardar jikin ƙofar direba, a nan ma za ki ga iskar da ake sa wa. Ki ware ɗan kuɗin alaimen da balansin (daidaita nauyin taya a kan rim) a cikin lissafin, in ba haka ba sababbin ma haka za su cinye gefe ɗaya cikin ƴan watanni.

Yanzu ga wadda ta fi yawa a wasiƙun, mutum huɗu suka yi ta: wai tayar gwanjo mai zane raɗau ba ta fi sabuwa daga ƙaramin kamfani ba, tunda ta fi araha?

A'a. Kuma ku bar ni in yi magana a nan don abin yana ci min rai. Mutum zai kashe kuɗi a fenti, a rediyo, a rim mai ƙyalli, amma ya zo kan taya sai ya ce a nemo mai sauƙi, alhali duk motar nan abin da ke haɗa ta da ƙasa wuri huɗu ne kowanne kamar tafin hannu. Zane ba shi ne lafiyar taya ba. Roba tsufa take yi ko ana hawa ko tana ajiye, rana da zafi suna busar da ita, kuma kai da ka saya ba ka san ramin da ta faɗa ba, ba ka san ko an taɓa tafiya da ita ba iska har cikinta ya ƙone ba, an wanke an shafa mata baƙin mai tana sheƙi shikenan ka ɗauka.

Ku koyi karanta shekarunta, ba wuya wallahi. Ku nemi inda aka rubuta DOT a gefe, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekara, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. In lambobi uku ka gani to kafin 2000 aka yi ta, ko kyauta kar ka karɓa. Kamfanonin mota da dama suna cewa a canza bayan shekara 6, masu ƙera tayar kuma ba su yarda ta wuce 10 ba ko da zanen bai taɓu ba. Idan wurin lambar ya yi kamar an kankare ko an goge, ajiye ka tafi, mai gaskiya ba ya goge ranar haihuwar kayansa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne masu sake yanka zane da wuƙa mai zafi a jikin tayar da ta suɗe. Wannan a wasu tayoyin manyan motoci ake yi waɗanda aka ƙera da ƙarin roba don haka, tayar ƙaramar mota ba ta da wannan kaurin, yankan yana kaiwa kusa da wayar ciki. Sa yatsa a ramin, in ka ji kaushi, layin ba daidai ba, ƴan tudun nan babu su, an taɓa ta. Akwai kuma tayar hunturu mai hoton dutse da ƙanƙara a gefe, robarta taushi ne da ita don ƙasashen sanyi aka yi ta, a titi mai zafi nan da nan take cinyewa kuma birki ba ya kama ta yadda ya kamata. Sai ka lissafa: ka sayi ta rabin kuɗi ta yi maka rubu'in tafiya, ka sake saye, ka sake biyan ɗauri, ina arahar take? Wannan ma in ba ta fashe da iyalinka a ciki ba. Sabuwa daga ƙaramin kamfani, mai kwanan wata na kusa da girman da ya dace, ita zan ɗauka.

Na ƙarshe, wani ƙanena ya tambaya ko zai iya barin ƴar siririyar safaya a jiki zuwa ƙarshen wata. Kar ka bari ƙanena. An yi ta ne ta kai ka wurin gyara kawai, gudunta bai wuce kilomita 80 a awa, yana rubuce a jikinta, kuma ka duba iskarta kafin ka hau don yawanci an manta da ita a but shekara da shekaru.