Amsoshin Tambayoyinku: Burodi Mai Cikin Ganye da Cuku Irin na Girka

Tambaya: Na yi ƙananan burodi masu haɗin alayyafo da cuku a ciki, irin na mutanen Girka. Sama ya gasu ya yi kyau, amma da aka ɓare sai ga ciki jagwab kamar ɗanye. Fulawa ce ba ta da kyau? Na kusa yin kuka, don baƙi na yi wa. (Uwargida daga Zariya)

Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, fulawarki ba ta da laifi. Ruwan ganye ne ya ɓata miki aiki. Alayyafo kusan duk jikinsa ruwa ne, haka tumatir da albasa, kuma gishirin cuku yana ƙara tatso wannan ruwan. Idan kika rufe su ɗanyu cikin kwaɓi, tururin ba shi da hanyar fita, sai ya jiƙa kwaɓin daga ciki.

Ga yadda za ki yi. Ki yanka alayyafo kamar giram 300, ki zuba a kasko ba tare da ruwa ba, minti biyu zuwa uku har ya yi laushi. Ya huce, ki sa a tsumma mai tsabta ki matse da ƙarfinki. Abin da zai rage bai fi dunƙulen hannu ba, kuma haka ake so. Albasa ɗaya da tattasai biyu ki soya su da cokali ɗaya na mai har ruwansu ya ƙone. Tumatir kuwa ki cire 'ya'yan da ruwan, naman kawai za ki yanka, ko ma ki bar shi gaba ɗaya. Sai ki haɗa da cukun feta, wato farin cukun Girka, giram 150 da kika marmasa, da zaitun giram 50 da aka cire wa ƙwallo, da lawashi da na'a-na'a, da ƙaramin cokali na busasshen oregano (wani ganye ne mai ƙamshi), da ƙwai ɗaya don ya riƙe haɗin. Kar ki sa gishiri sai kin ɗanɗana. Kuma ki bari haɗin ya huce sarai, don mai zafi yana saki kwaɓi ya yage.

Kwaɓin: fulawa giram 500, wato kofi huɗu na awo, yis giram 7, sukari babban cokali ɗaya, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, mai cokali uku, ruwan ɗumi mililita 300. Ki murza minti goma. A zafin bazara zai iya ninkawa cikin minti 45, da hunturu kuwa sai ya haura awa ɗaya, kuma dole ki rufe shi da leda kar iska ta busar da samansa. Ki raba gida 12, ki faɗaɗa kowanne ya kai tafin hannu, tsakiya da ɗan kauri, baki siriri. Cokali ɗaya da rabi na haɗi ya isa. Ki tsuke bakin da yatsu busassu, domin in mai ya taɓa wurin ba zai kama ba, ki kifa ɗinkin ƙasa. Su huta minti 25, ki shafa ƙwai, ki ɗan tsaga saman kowanne da wuƙa, ki gasa a obin a digiri 200 na ma'aunin Celsius, minti 18 zuwa 20.

Tambaya: Feta ta yi tsada a manyan kantuna. Dole sai da ita? (Mai sana'ar kayan fulawa, Kano)

Ba dole ba ne, amma ki san abin da kike musanyawa. Feta ta gaskiya daga Girka take, da madarar tumaki ake yin ta, wani lokaci a haɗa da ta awaki da ba ta wuce kashi 30 cikin 100 ba, sannan ta yi aƙalla wata biyu cikin ruwan gishiri. Tun 2002 Tarayyar Turai ta keɓe sunan ga cukun Girka kaɗai. Amfaninta a wannan burodin shi ne ba ta narkewa ta malale, laushi kawai take yi, ga tsami ga gishiri.

Wanda za ki guje wa shi ne farin cukun nan mai laushi na cikin kwali da aka rubuta wa feta, alhali in kin duba bayansa za ki ga madarar shanu da man itatuwa. Yana da daɗi a shafa wa burodi, amma a wuta ruwa yake komawa. Cukun Fulani, wanda ake daskarar da madararsa da tumfafiya, ya fi shi dacewa nesa ba kusa ba, don shi ma ba ya narkewa. Ki jiƙa shi a ruwan gishiri da lemun tsami cikin firij ya kwana, ki tsane. Ba zai zama feta ba, kuma kar ki sayar wa mutane da sunan feta.

Tambaya: Zan iya sa cukun nan mai kusurwa uku na yara? (Ba suna)

Za ki iya. Abin da zai fito dai ba burodin Girka ba ne.

Tambaya: Wane man zaitun zan saya? Na ga wani a kasuwa kwalba babba, kuɗinsa bai kai rabin na kanti ba. (Magidanci daga Kaduna)

Malam, ajiye kwalbar nan inda ka gan ta. Man zaitun daga ƙasashen waje yake zuwa, yawanci Sifen, Italiya, Girka, Tunisiya da Turkiyya. Da dala aka sayo shi, aka biya jirgi, aka biya kwastam. Ta yaya zai iso hannunka da kuɗin da bai fi na man gyaɗa mai kyau ba? Ko dai an surka shi da man suya mai araha, ko ya tsufa an sake masa kwanan wata, ko kuma tun asali ba zaitun a ciki sai launi. Abin da ya sa cinikin jabun yake ci gaba shi ne mutanenmu suna darajta zaitun, suna sha don lafiya, suna shafa wa jarirai, kuma da yawa ba su taɓa ɗanɗana na gaskiya ba balle su gane bambanci. Mai algus ya san haka sarai.

Ka karanta takardar jikin kwalba da natsuwa, har ƙananan rubutun. Wanda aka rubuta wa extra virgin shi ne tatsar farko ba tare da sinadari ba, kuma a ƙa'ida tsaminsa ba ya wuce kashi 0.8 cikin 100. Wanda aka rubuta wa pomace daga tunkuzar zaitun aka ciro shi da sinadari bayan an gama tatsa. Ana cinsa, amma ba shi da ƙamshin da kake nema, kuma bai kamata ka biya kuɗin na farko a kansa ba. Akwai kuma masu zana 'ya'yan zaitun ƙato-ƙato a gaba, a baya can ƙasa su rubuta cewa haɗi ne da wani mai. Ka nemi lambar NAFDAC, da sunan ƙasar da ya fito, da ranar ƙarewa wadda aka buga a jiki, ba wadda aka liƙa daga baya ba. Murfin ya kasance bai taɓa buɗuwa ba. Kwalba mai duhu ta fi, domin haske da zafi suna lalata man. Wanda ya yi watanni a kan tebur cikin rana, ko na gaskiya ne ya riga ya tashi daga aiki.

Na gaskiya yana ƙamshin ɗanyen ganye, yana da ɗan ɗaci, yana kuma ƙaiƙayin maƙogwaro in ka haɗiya. Wanda ba ya ƙamshin komai, ko yake warin tsohon mai, ka bar shi. Gwajin nan da ake yaɗawa na sa shi a firij a ga ko zai daskare, kar ka dogara da shi: wasu mayukan ma suna daskarewa, wani zaitun na gaskiya kuma ba ya yi. Koren launi ma ba shaida ba ne, tunda ana iya rina mai.

Kuma duka-duka cokali huɗu wannan burodin yake ci. In aljihu bai kai ba, ka sa man gyaɗa a kwaɓi, babu wanda zai gane. In ya kai, sayi ƙaramar kwalba ta gaske ka sa a haɗin ciki, inda ake jin ƙamshinsa. Babbar kwalbar da za ta shekara a kicin kusa da murhu asarar kuɗi ce ko da ba jabu ba ce.

Tambaya: Ba ni da obin, kuma maigida ya ce ba yanzu ba. In haƙura? (Amarya daga Maraɗi)

Kar ki haƙura ƙanwata, kuma kar ki ci bashi don burodi. Samo tukunya mai kauri da murfi mai kamawa, ki zuba yashi mai tsabta kamar kaurin yatsu biyu, ki ɗora abin da zai ɗaga faranti kar ya taɓa yashin. Ki rufe ta yi zafi minti 15 kafin ki sa burodin. Wuta matsakaiciya a ƙasa, garwashi kaɗan a kan murfi don sama ya yi ja. Zai ɗauki kamar minti 25 zuwa 30, kuma kar ki buɗe kafin minti 15, zafin ne yake gudu. In kin ga ƙasa na ƙonewa sama fari, rage wutar ƙasa ki ƙara garwashin sama.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai: burodin nan akwai ƙwai da cuku da ganye a cikinsa, ba ya jure zama a waje kamar burodin shago. A ci shi a ranar. Wanda ya rage ya shiga firij da zarar ya huce, kwana biyu zuwa uku, a ɗumama shi sosai kafin a ci. In wutar unguwarku ba ta da tabbas, ki raba awon biyu ki gasa guda shida kawai.