Depo ɗin sojoji na Zariya, tun yaushe yake kuma ina ya samo sunan Chindit?

Tambaya: Malam ƙanena ne ya samu shiga depo a Zariya, sai na ji ana ce wa barikin Chindit. Don Allah tun yaushe wurin yake, kuma wannan sunan na wani Bature ne?

Amsa: To Allah ya sa ya gama lafiya. Depo ɗin dai ya girmi sunan nesa ba kusa ba, domin tun 1924 Turawan mulkin mallaka suka kafa shi don horas da kurata, lokacin sojojin Najeriya suna ƙarƙashin WAFF, rundunar Turawan Ingila ta Afirka ta Yamma wadda Lugga ya haɗa. Har yau kuma aikin kenan, kurtu ake kaiwa can ya yi wajen wata shida yana shan rana da fareti ya fito ƙaramin soja. Hafsoshi kuwa makarantarsu ta NDA a Kaduna suke zuwa, ita sai 1964 aka buɗe ta, mutane na yawan haɗa biyun. Akwai kuma makarantar yara ta soja NMS a nan Zariyan, wadda ta fara a 1954.

A wancan zamanin da Hausa ake horon, Bature ma dole ya koya in yana son ya yi aiki da sojan, shi ya sa har yanzu za ka ji sojan da bai taɓa zama Arewa ba yana jefa Hausar bariki a magana.

Sunan Chindit kuma ba na mutum ba ne, na wata runduna ce ta musamman a yaƙin duniya na biyu, wanda kakanninmu ke ce wa yaƙin Bama, wato ƙasar Burma ta Asiya da yanzu ake kira Myanmar. Wani Janar na Ingila mai suna Wingate ne ya kafa ta, aikinta a kutsa da ita can cikin ƙungurmin dajin Bama bayan sojojin Japan, ta datse musu hanyar dogo da ta abinci, ita kuma nata abincin da harsasai ta jirgin sama ake jefo mata. A 1944 aka haɗa da bataliya uku ta Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka sauke su ta jirgi, suna cikin waɗanda suka riƙe wani sansani da ake kira White City duk da hare-haren Japanawa dare da rana, ga zazzaɓin cizon sauro ga ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Shi Wingate ɗin ma bai ga ƙarshen abin ba, ya mutu a hatsarin jirgi a watan Maris na shekarar. Abin takaici in ana ba da labarin Chindit a Ingila da wuya ka ji an tuna da mutanenmu.

Kuma ba Zariya kaɗai ba ce fa, Dodan Barracks na Legas da Dalet na Kaduna da Letmauk na Ibadan duk sunayen wuraren da aka gwabza ne a Bama, haka ma Burma Camp na Akkara a Ghana.