Tambaya da Amsa: Kiɗan Djent da Ƙungiyoyin da Suka Yi Fice a Kansa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Jos, kuma ina koyon kaɗa jita a wurin wani abokina a Unguwar Rogo. Kwanan baya ya kunna mini wani kiɗa mai nauyi da ya ce ana kiransa djent, na yi ta ƙoƙarin bin bugunsa da ƙafa, amma yana ta kuɓuce mini. Shin kiɗan nan yana da tsari kuwa, ko hayaniya ce kawai? Kuma waɗanne ƙungiyoyi ne ya kamata in fara saurara? Daga mai karatu a Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kiɗan yana da tsari, kuma tsananin tsarin ne ma ya sa ƙafarka ta kasa binsa. Djent reshe ne na kiɗan metal, wato kiɗan jitar lantarki mai nauyi da ƙara, kuma shi ne ɓangaren da makaɗansa suka fi ba lissafi da ƙwarewar hannu muhimmanci. Sunan kwaikwayo ne na sautin da jitar lantarki take fitarwa idan makaɗi ya ɗora gefen tafinsa a kan tsirkiya mafi kauri, kusa da inda take ɗaure a jikin jitar, sannan ya buge ta da ƙarfi, sai sautin ya fito gajere, mai kauri, ya yanke nan take.

Tushen salon yana wurin ƙungiyar Meshuggah, wadda aka kafa a garin Umea da ke arewacin Siwidin a 1987. Makaɗin gangarsu, Tomas Haake, yana raba jikinsa gida biyu. Hannunsa yana bugun farantin tagulla, wanda yake cikin kayan gangarsa, a kan ƙidayar huɗu-huɗu da kowa ya saba da ita, ba ya sauri ba ya jinkiri, amma ƙafafunsa, da suke taka babbar ganga, suna bin jitocin Fredrik Thordendal da Mårten Hagström a kan wata ƙidaya dabam wadda ba ta rabuwa daidai da huɗu. Ga misali domin ka gane: a ce zagayen kiɗa yana da gurbi 32, jita kuma tana maimaita wani tsari mai gurbi 5. Idan ta maimaita shi sau 6 ta ci gurbi 30, saura 2, sai a gutsuro farkon tsarin a cike su, kowa ya haɗu a wuri guda, a sake sabon zagaye. A tsakanin farko da wannan mahaɗa, nauyin bugun jita yana faɗawa a wuri dabam kowane lokaci, kuma shi ne abin da ya ruɗe ka. Idan za ka sake saurara, ka bar jita ta yi tafiyarta, ka kafa kunnenka a kan farantin tagulla, domin a nan ƙidayar take zaune. Wanda ya taso yana jin yadda kalangu yake yawo a kan gangar da ta riƙe masa gindi ba zai daɗe bai kama wannan ba. Faifansu na 2002 mai suna Nothing da na 2008 mai suna obZen sun ishe ka farawa, sai dai ka sani mawaƙinsu, Jens Kidman, da kururuwa yake waƙa, kuma ba kowane kunne ne yake ɗaukar wannan a karon farko ba.

Waɗanda suka yaɗa salon a duniya kuwa matasa ne da suka riƙa naɗar kiɗa a ɗakunansu da kwamfuta suna ɗorawa a intanet. Fitacce a cikinsu shi ne Misha Mansoor, wanda ya kafa Periphery a yankin birnin Washinton na Amurka a 2005, suka fitar da faifansu na farko a 2010. Suna da masu jita uku, kuma suna gauraya kururuwa da rera waƙa mai daɗi. A Ingila, Acle Kahney ya faro TesseracT a Milton Keynes a 2003, kuma a ganina su ne suka fi sauƙin shiga ga baƙon kunne, saboda kiɗansu yana da sarari da sanyi a saman nauyin. Akwai kuma Vildhjarta a Siwidin, da Monuments a Ingila, da Skyharbor da ta samo asali a Indiya.

Wadda na fi so ka ba lokaci ita ce Animals as Leaders, tunda jita kake koyo. Jagoranta, Tosin Abasi, an haife shi a Washinton a 1983, iyayensa kuma 'yan Najeriya ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka. Ƙungiyar ba ta da mawaƙi, ba ta da mai jitar bes, wato jita mai sauti mai zurfi, daga jita biyu masu tsirkiya 8 sai ganga. Abasi yana bugun tsirkiya da babban yatsa sama da ƙasa irin na masu bes, har jitar ta koma kamar abin bugu a hannunsa, kuma za ka ji tasirin jaz a yadda yake jera sautuka. Faifansu na farko ya fito a 2009. Makaɗan wannan salo kansu ba duka suka yarda djent nau'in kiɗa ne mai zaman kansa ba, har ma Periphery sun rubuta wannan ra'ayi a sunan faifansu na 2023.

TAMBAYA: Malam, ina da jita mai tsirkiya 6, kuma na duba shagunan kayan kiɗa da na sani ban ga mai 8 ba. Dole ne sai na samo ta kafin in iya kaɗa djent? Daga mai karatu a Kubwa, Abuja.

AMSA: Ba dole ba ne, ɗan'uwa. Ƙarin tsirkiya yana ba da sauti mai zurfi ne kawai, kuma Periphery da kansu suna da waƙoƙin da suka kaɗa da jita mai 6. Ka sa tsirkiya masu kauri, ka sassauta ɗaurinsu domin sautin ya sauka ƙasa ba tare da sun yi lakwaf ba. Kada ka cika wa sautin ƙara da yawa, domin tana haɗiye tsabtar bugun. Akwai manhajojin kwamfuta da suke kwaikwayon na'urar ƙara sauti, suna kuma yanke tsuwwar da take biyo bayan kowane bugu. Babban aikin yana hannunka na dama. Ka saukar da manhajar ƙidayar bugu a wayarka, ka sa ta a hankali, ka riƙa kaɗa tsari mai gurbi 3 a kan huɗu har sai ka daina ɓata, daga nan ka koma mai 5, sannan mai 7.