Tambayi Likita: "Ɗana ya ce gara ya mutu mu huta"

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan matasa suke. Kamar kullum, an sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 16 ya daina cin abinci tare da mu. Dare yana farke, rana yana kwance, ƙwallon ma ya daina fita. Shekaranjiya na yi masa faɗa kan jarrabawa, sai ya ce, "Gara in mutu ku huta." Babansa ya ce shagwaɓa ce. (Wata uwa, Shari' Mansur, Makka)

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ban yarda da Malam ba a nan. Yaron da barcinsa ya rikice, ya guji mutane, ya bar abin da yake so, sannan ya ambaci mutuwa, ya nuna alamun ciwon damuwa, musamman in abin ya wuce mako biyu.

Yau ɗin nan ki same shi shi kaɗai, ba a gaban ƙannensa ba. Ki ce, "Na ga ba ka jin daɗi kwanan nan. Kana tunanin kashe kanka ne?" Haka, kai tsaye. Iyaye na tsoron kada tambayar ta sa wa yaro tunanin da ba shi da shi, alhali bincike ya nuna ba ta sawa. Sau da yawa ma ajiyar zuciya yake yi, ya samu wanda zai faɗa wa. In ya fara magana ki bar shi ya gama. Wa'azin wuta da "me muka rage ka da shi" su jira tukuna. Ya san haramun ne, sanin nan ma na cikin abin da ke hana shi buɗe baki.

Ki kwashe magungunan gidan da maganin ƙwari ki kulle su. Wannan tunani yakan taso da ƙarfi ne na ɗan lokaci ya lafa, kuma in babu abin cutarwa a kusa, lokacin zai wuce yaro na raye. In ya ce ya shirya yadda zai yi, ko ya taɓa gwadawa, kada a bar shi shi kaɗai: ku nufi sashen gaggawa ko ku kira motar asibiti a 997, lambar nan Saudiyya. Don shawara akwai layin Ma'aikatar Lafiya, 937, dare da rana, da na cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, 920033360.

Tambaya: Likita, ƙanwata ce ke yawan kuka ba dalili. An ce jinnu ne, an yi ta ruƙya. Daga baya likita ya rubuta mata magani, amma Umma ta hana, wai ƙwaya ce, kuma in aka ji ba mai aurenta. (Wani yaya, Jidda)

Amsa: Ɗan'uwa, addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, a ci gaba da karatu, ta kuma sha abin da aka rubuta mata. Abin da ba zan lamunta ba shi ne duka da sunan fitar da aljani. Magungunan damuwa ba sa sa maye, sai dai suna ɗaukar mako biyu zuwa huɗu ko fiye kafin a ga canji, kuma ba a yanke su rana ɗaya. Ga 'yan ƙasa da shekara 25, a sa ido sosai a makonnin farko. In ta ƙara rikicewa, a koma wurin likitan nan take. Ka lallashi Umma ta raka ta asibitin, ta yi wa likitan tambayoyinta da bakinta.

Tambaya: Likita, ni malamin makaranta ne. Ana ta maganar a koyar da lafiyar ƙwaƙwalwa a aji. Anya ba buɗe wa yara ido za a yi ba? (Wani malami, Madina)

Amsa: Malam, wayar da ke aljihunsu ta riga mu buɗe idon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka kan fara kafin a wuce shekara 14. Sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara a duniya, abin kuma na cikin manyan sanadin mutuwar 'yan 15 zuwa 29. A nan Saudiyya ma, binciken ƙasa da aka fitar a 2019 ya gano kusan mutum ɗaya cikin uku na gamuwa da irin wannan matsala a rayuwarsa. A ajinka mai ɗalibi talatin, ka lissafa da kanka.

An kuwa gwada darasin. A wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2015, an bi ɗalibai sama da 11,000 a makarantu 168 na ƙasashen Turai goma. Waɗanda aka ba su wani shiri na awa biyar kacal cikin mako huɗu, bayan shekara guda yunƙurin kashe kai a cikinsu ya ragu da kusan rabi. Mafi yawan awannin nan wasan kwaikwayo ne da yaran ke yi da kansu: abokinka ya ce ya gaji da duniya, me za ka ce masa, wa za ka kira? Nan ne amfanin yake a ganina, domin matashi abokinsa yake fara gaya wa kafin uwarsa. Ba a bayyana hanyoyin kashe kai a irin wannan darasi, ba a kuma zuzuta wanda ya yi. Kafin ka fara, ka zauna da jami'in ba ɗalibai shawara na makarantarku, ku tsayar da inda za a tura yaron da ya zo da kuka bayan darasi, don za su zo.

Tambaya: Abokina ya gaya mini yana son ya kashe kansa, ya sa na rantse ba zan faɗa ba. (Wani ɗalibi, Hindawiyya, Makka)

Amsa: Ɗana, ka faɗa. Yau, ga babban da ka yarda da shi: mahaifinsa, yayansa ko malaminku. Rantsuwa tana da kaffara, kowane malami zai yi maka bayaninta. Zai iya yin fushi da kai na ɗan lokaci, ka jure. Kafin babban ya iso, ka zauna tare da shi, in kuma ka ga ya sha wani abu ko ya ji wa kansa ciwo, kira 997.