Ruwan kori taki ne, ko kuwa?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Gonata tana kwarin Badagishiri, kusa da gicciyen dutse da siminti da aka gina a kori don ya baza ruwa. Bana sau uku ruwa yana kwana a cikinta. Maƙwabcina ya ce ba sai na kai taki ba, ruwan ya kawo mini har gida. Haka ne? Daga wani manomi, Illela.

Amsa: Ɗan'uwa, maƙwabcinka ya faɗi rabi ya haɗiye rabi.

Ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Adar ba hannu sake yake zuwa ba. Yana tafe da laka, da ruɓaɓɓen ganye, da kashin awakin da suka yi rani a kan tudu. In an bar shi a guje, sai ya wuce da kayansa, ya ƙara da zaftare maka bakin gona. Gicciyen nan gudunsa yake karyawa. To amma rairayi ya fi nauyi, shi ke fara zubewa kusa da kori, laka kuwa sai ruwa ya natsu take kwanciya. Shi ya sa gonaki biyu kan sha ruwa ɗaya, guda ta yi ƙiba, guda ta mutu. A kwarin Keita, inda aka fara babban aikin raya ƙasa a 1984, na ga gonar da rairayi ya binne har gwiwa, mai ita tsaye yana tafa hannu.

Je ka ɗebi ƙasar, ka jiƙa, ka murza da yatsu. In ta yi santsi ta mulmulu, ka samu rabo. In ta yi garas-garas ta wargaje, yashi aka kawo maka.

Ko lakar ce, kada ka ajiye amalanken taki. Ƙasar Nijar tana fama da ƙarancin sinadarin fosfor, kuma gonar da ta ƙoshi da ruwa amfaninta kan yi yawa, ya zuƙe abincin ƙasa fiye da da. Lakar ma in ta bushe takan yi ɓawo mai tauri, tsiro ya kasa fasa shi, sai ka bi da hauya.

Inda ruwa ke kwana, shuka dawa. Hatsi, wato gero, ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. Da rani kuma leƙa rijiyarka, mai yiwuwa igiyar guga ta ragu, ka yi garkar albasa a gefen.